Sanyin Mota Ya Ɗauke: Laifin Gas Ne Ko Na Ƙyaure?

Yau a filinmu na kimiyya za mu leƙa cikin na'urar nan mai sanyaya iskar mota. Wanda ya ke tuƙi a Jidda ko Hartum ko Injamena da bazara, sa'ad da zafi ya kan haura digiri 40, ya san wannan na'ura ba kayan ƙawa ba ce. Ran da ta fara huro zafi kuwa, abin da kusan kowa ya kan ce shi ne, "Gas ya ƙare." Sau da yawa haka ne. Amma akwai lokacin da gas ya ke nan lafiya lau, mai laifin kuwa wani ɗan abu ne wanda bai fi sabulun wanka girma ba.

Kamfanin Packard na Amurka shi ne ya fara sayar da mota mai wannan na'ura a 1939, amma kayanta sun cinye wuri a bayan mota, kuma babu hanyar daidaita sanyin. A 1954 kamfanin Nash ya haɗa kayan sanyi da na ɗumi wuri guda a gaba, kuma a kan wannan tsari a ke har yanzu. Watau a bayan allon da ke gaban direba akwai wani akwati na roba. A cikinsa akwai ƙananan lagireto biyu: ɗaya gas ne ke bi ta cikinsa ya sanyaya shi, ɗayan kuwa ruwan inji ne ke ratsa shi, mai zafin wajen digiri 90. Fanka tana tura iska, sa'an nan wani ƙyaure da ke tsakani shi ke raba ta, ko ta wuce da sanyinta, ko ta ratsa ta wurin zafi, ko kuwa a gauraya. Akwai kuma ƙyauren da ke kai iska fuska ko ƙafa ko gilashi, da wanda ke rufe iskar waje.

A dā da waya a ke jan ƙyauren nan, ko da zuƙar iska daga inji. A motocin yanzu da yawa kowane ƙyaure yana da ɗan injin lantarki nasa mai juya shi, bari mu kira shi majuyi. Cikinsa akwai 'yan ƙafafu masu haƙora na roba, da wani ma'auni mai gaya wa kwamfutar mota inda ƙyaure ya tsaya. In haƙoran sun cinye, ko ma'aunin ya lalace, sai ƙyaure ya maƙale. To, in a ɓangaren zafi ya maƙale, ko an ɗura gas ɗin duniya sanyi ba zai iso ga direba ba.

Ga yadda za a rarrabe. A ta da inji, a kunna na'ura a kai ta matuƙar sanyi, a jira 'yan mintoci. Sai a buɗe murfin inji a nemi bututun ƙarfe biyu masu shiga ta bangon da ke tsakanin inji da mazauni. A taɓa mai kaurin, amma fa a yi hattara da fanka da bel. In ya yi sanyi ƙarara har yana raɓa, kuma ruwa yana ɗiga ƙarƙashin mota, lalle gas da kwamfiresa suna aikinsu. An yi sanyin, hanya ce aka tare masa. In kuwa bututun babu sanyi, wannan wani zance ne dabam, sai a nufi wajen mai ma'aunin gas.

Daga nan sai aikin kunne. A rage fanka, a juya maɓalli a hankali daga sanyi zuwa zafi. Majuyi mai lafiya ya kan yi 'yar ƙara siririya ya tsaya, iska kuma ta sāke. Mai cinyayyun haƙora sai a ji ƙas-ƙas-ƙas a bayan allo, kamar ana ƙwanƙwasa kwano da farce. In an ji shiru ɗungum, a duba fis da wayoyi tukuna, gama majuyin da wuta ba ta kai masa ba bai yi laifi ba. Maɓallin da ya jawo ƙarar shi ke nuna ko wane majuyi ne. A motar da direba da na kusa da shi kowa ke da nasa maɓalli, a kan ga gefe ɗaya sanyi ɗaya zafi. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma ba hujja ba ce ita kaɗai, domin ƙarancin gas ma ya kan kawo haka.

Wani lokaci majuyin lafiyarsa ƙalau, lissafi ne ya ɓace wa kwamfuta, musamman bayan an sāke batir. Motoci da yawa suna da hanyar da a ke sa ta ta sāke koyon iyakar ƙyaure, kuma kowane kamfani da tasa ƙa'ida.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa su kan tsallake, alhali ya fi duka amfani. A kwance majuyin, yawanci sukuru biyu ko uku ne ke riƙe shi, sa'an nan a juya sandar ƙyauren da yatsa. In ta juya sumul, kuma sanyi ya dawo, an kama ɓarawo. In ta cije, to, ƙyauren ne ya tanƙware, ko wani biro ko kwabo ya faɗa ta kafar iska ya tokare shi. Sabon majuyi a kan irin wannan ƙyaure ba zai daɗe ba shi ma haƙoransa za su zube.

Abin da ya sa na dage a kan wannan kuwa, gas na mota da awo a ke zuba shi, kuma an rubuta nauyinsa da irinsa a wata takarda ƙarƙashin murfin inji. In an ƙara a kan wanda ya riga ya cika, matsi ya kan yi yawa, sanyi ya ragu, kwamfiresa ta wahala, ita kuwa ta ninka majuyi tsada nesa ba kusa ba. Wanda zai sa hannu a bayan allo kuma, ya kiyayi wayoyi masu launin rawaya, domin na jakar iska ne, mai fashewa in an yi karo. A cire kan batir, a dakata kaɗan, kana a fara kwancewa.