Daga zauren lacca zuwa ƙofar sarki: yadda binciken lafiya ke isa Garu da Bawku

Duk shekara idan hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe garuruwan Garu da Bawku a arewa maso gabashin Ghana, ma'aikatan lafiya sukan shiga shirin tarbar sanƙarau. Yankin yana cikin zirin ƙasashen da cutar ta fi addaba, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Masana a jami'o'i sun daɗe da sanin yadda ƙwayar cutar ke yaɗuwa da yadda ake kare kai. Abin da ke da wuya shi ne isar da wannan sani ga uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi a wani ƙauye kusa da iyakar Togo.

Lacca a jami'a tana da nata amfani. A nan mai bincike yake gabatar da abin da ya gano, abokan aikinsa su yi masa tambayoyi, su tono kurakuransa. Sai dai a Ghana da Turanci ake yin ta, a Togo da Burkina Faso kuwa da Faransanci, alhali mutanen kasuwar Bawku da Kusaal da Bisa da Moore da Hausa suke cinikinsu.

Garin Navrongo, da ke yankin Upper East ɗaya da Garu da Bawku, ya nuna yadda ake rage wannan rata. A 1988 aka fara wani bincike a can kan bai wa yara sinadarin bitamin A, kuma sakamakon da aka buga a 1993 ya nuna mace-macen yara sun ragu da kashi 19 cikin 100. Wurin ya zama cibiyar binciken lafiya ta gwamnati a 1992. Daga baya gwajin gidan sauro mai magani da Fred Binka ya jagoranta ya nuna raguwar mutuwar yara da kashi 17 cikin 100. Binka ne ya zama shugaban farko na jami'ar kimiyyar lafiya da ke Ho, wato UHAS.

Masu binciken Navrongo ba sa shiga gari kai tsaye. Sukan fara gaida sarki da dattawa, su bayyana abin da ya kawo su. Idan an amince sai a kira taron gari, wanda a Ghana ake ce wa durbar, a yi bayani da harshen mutanen wurin, kowa ya yi tambaya a bainar jama'a. Bayan haka ne ake bi gida-gida neman yardar kowane mutum. Gwajin da aka fara a 1994 na tura ma'aikatan jinya su zauna cikin ƙauyuka shi ne ya haifi tsarin CHPS, wanda Ghana ta mayar manufar ƙasa a 1999. Ƙananan ɗakunan shan magani da ake gani a ƙauyukan Garu daga wannan bincike suka samo asali.

Jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta bi wata hanya mai kama da wannan. Ta kasa shekarar karatu gida uku, kuma a zango na uku ɗalibai sukan tare a ƙauyuka na tsawon makonni, su ci abin da masu gari ke ci, su rubuta matsalolin da suka gani. Ɗalibin likitanci da ya taɓa ɗebo ruwa daga rijiyar ƙauye ya san dalilin da ya sa shawarar wanke hannu ba ta da sauƙin bi a watan Maris.

Kano kuwa ta ga abin da ke faruwa idan yarda ta rushe. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce ya sami amincewarsu da baki. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Amma kafin nan zargin ya riga ya yi ɓarna: yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, har zuwa Yulin 2004, kuma cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Wannan tarihi ya shafi Hausawan zango kai tsaye. Labari daga Kano ko Maraɗi yakan iso Bawku da Salaga da Yendi ta bakin fatake da saƙon murya na WhatsApp tun kafin sanarwar hukuma. Idan taron gari ya gudana da harshen 'yan ƙasa kawai, mazauna zango da baƙi masu zuwa cin kasuwa sukan tashi da jita-jita maimakon bayani. Shi ya sa sarkin zango da limamai da malaman makarantun allo suke da muhimmanci a irin wannan aiki, haka ma gidajen rediyo masu shirin Hausa.

Sanƙarau kansa misali ne na bayanin da ke buƙatar natsuwa. Allurar MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka kuma yi a arewacin Ghana a 2012, ta kusan kawar da nau'in A. Ba ta kare mutum daga sauran nau'o'in, shi ya sa nau'in C ya yi ɓarna a Nijar a 2015 da Najeriya a 2017. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai ɗauka allurar ce ba ta aiki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar.

Duk wanda masu bincike suka zo wa yana da haƙƙin tambaya: wace jami'a ko cibiya ce ta turo su, wa ya ba su izini, me za a yi da jinin da aka ɗiba, kuma yaushe za a dawo da sakamako. Yana da damar ƙi, ko ya janye daga baya, ba tare da an hana shi magani a asibiti ba. Idan kuma yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, a kai shi asibiti a ranar, domin sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.