Musayar Fayil Tsakanin Kwamfutoci a Matsayin Halattacciyar Hanyar Rarraba Finafinai

Sau da yawa akan alaƙanta fasahar musayar fayil kai-tsaye tsakanin kwamfutoci da satar fasaha. Sai dai a shari'ance, izinin mai haƙƙin mallaka shi ne ma'aunin halacci, ko ta wace hanya fim ya isa ga mai kallo.

A tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001, akan daddatsa fim zuwa ƙananan gutsattsari. Duk wanda ya sauke gutsure, nan take kwamfutarsa za ta riƙa miƙa shi ga sauran masu nema. Ke nan yawan masu saukewa yana ƙara saurin rabon, ya kuma rage wa mai fim kuɗin aikawa.

Wannan sauƙi ne ya sa kamfanin Warner Bros. ya ƙulla yarjejeniya da BitTorrent a 2006. A 2007 aka buɗe shagon hayar finafinai a kan tsarin, amma an sanya musu makullin hana kwafi, alhali kwafin sata yana nan kyauta ba makulli. Shagon bai kai shekara biyu ba aka rufe shi. Akasin haka, taskar Internet Archive tana rarraba tsofaffin finafinan da haƙƙinsu ya ƙare ta wannan hanya tun 2012.

Daga nan za a fahimci cewa fasahar ta warware matsalar isar da fim, amma ta bar ta biyan kuɗi, wadda tana cikin abubuwan da suka karya kasuwar faifai a Kannywood.