Wa Ya Sa Ayaba a Zoɓon Hajiya?

A zangon Bawku, tsakiyar zafin Afrilu, wata Hajiya mai sayar da zoɓo, wanda mutanen Gana ke kira sobolo, ta rasa inda za ta sa kanta. Masu saye suka fara dawo mata da kaya. Zoɓon na ƙamshin nunanniyar ayaba, yana cizon harshe, gorunan roba sun kumbura, in an murɗe murfi sai ka ji fiss! Alhali ko ɓawon abarba ba ta jefa ba.

Kayan yaji aka fara zargi. Aka shinshina citta da kanumfari da masoro, lafiyarsu ƙalau. Wani direba ɗan Salaga, garin da ya yi suna da rijiyoyi, ya kurɓa ya ce, "Hajiya, ruwa ne. Sauya rijiya." Ta koma ruwan leda. Washegari ba ta sake zane ba.

'Yarta ce ta lura cewa zoɓon da ya kwana a bokiti ba ya juyawa, sai wanda aka sanyaya a babbar randa.

"Inna, randar nan ina kika samo ta?"

Ashe kwance ce, an sayo ta a hannun wata tsohuwa 'yar Kusasi da ta daina dafa fito, wato giyar dawa.

A nan bakin zaren ya fito. Masu fito, Kusasawan Bawku ne ko Konkomban yankin Yendi, jar dawa suke jiƙawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa. In ta huce sai a zuba mata guggubin dahuwar baya. Wannan guggubin yis ne mai rai: yana cin sukari, ya fitar da barasa da iska, da wasu sinadarai masu ƙamshin 'ya'yan itace. Tun wajen 1857 Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke wannan aiki. Har a Jamus akwai giyar alkama da mashaya ke yabo saboda ƙamshin ayaba, kuma ko ƙwaya ɗaya ta ayaba babu a cikinta. Yumɓun randa kuwa yana da ƙofofi da ido ba ya gani, inda yis ke maƙalewa, ɗauraya da ruwan sanyi ba ta kai can. Hajiya ta yi ta kai wa yis sukari, zafin Bawku da ke haura digiri 40 ya ƙarasa sauran.

Don a tabbatar, aka kira wani maƙwabci da ba ya wuce gidan fito. Ya ɗaga ƙoƙo, ya duba launi, ya shaƙa, ya juya kurɓi a baki kamar alƙalin gasa.

"Tsami ya yi daidai, Hajiya. Ƙarfi ne da saura. A ƙara masa kwana ɗaya."

Hajiya ta yi salati, ta tuntsurar da zoɓon a kwata. Ya taya randar da kuɗi mai tsoka, ta ce ita ba ta cin kuɗin giya, ta sa aka kawo taɓarya.