“Turawa sunka saye shi”: jita-jita da gaskiya kan masu cewa sun daina imani

A wata majalisa ta Gidan Dahala a Sakkwato, bayan sallar isha'i, hira ta faɗa kan wani matashi da aka kwana biyu ba a gani a sahu ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan kuma kwatanta gidansu ba, domin a garin nan kwatance kaɗai na iya zama ajalin mutum. Kafin shayi ya huce an yanke masa hukunci uku. Wani dattijo ya ce, “Turawa sunka saye shi, kuɗɗi sunka ba shi.” Na kusa da shi ya ce, “A'a Baba, wanga aikin iska na. A yi mai ruƙiyya, in ta ƙiya a kai shi asibitin taɓin hankali na Kware.” Wani kuma ya ce boko ce ta yi masa yawa. Na tambaya ko akwai wanda ya zauna da yaron ya ji ta bakinsa. Babu ko ɗaya.

Ni Musulmi ne, kuma raina na ɓaci idan na ji ɗan Musulmi ya ce ya daina yarda da Allah. Amma ɓacin rai bai halatta mini yi masa ƙage ba. Maganganun nan uku da 'yan uwansu suna yawo a WhatsApp da bakin masu shayi, wasu da ƙwayar gaskiya a ciki, wasu ƙaiƙayi ne zalla, kuma sun cancanci a sheƙe su.

Ruɗanin daga suna ya faro. Mulhidi shi ne wanda ya ce babu Mahalicci, ko ya ce bai ga hujjar da za ta sa ya yarda akwai ba. Mai sakaci da salla ba shi ba ne. Wanda ake kira ɗan boko aƙida a Facebook don yana jayayya da malamai kan wani hadisi ba shi ba ne. 'Yan ƙala-ƙato da suka tsaya kan Alƙur'ani kaɗai ba su ba ne. Hatta Maguzawa, da bakinmu ya saba ce musu marasa addini, sun san Allah ne ya yi sama da ƙasa, iskoki suke yi wa yanka. A majalisa duk kwando ɗaya ake zuba su, shi ya sa ake jin kamar mulhidai sun cika gari. Wanda duk ya ba ka adadinsu, da ka ya yi lissafin. Rabon da a fitar da alƙaluman addini daga ƙidayar ƙasa da aka amince da ita tun 1963, ta 2006 kuwa ko tambayar ba ta yi ba. Wanda kuma imaninsa ya tafi a Sakkwato ba shela yake yi ba. Yakan ci gaba da bin jam'i don ya tsira da ransa da aurensa.

Wannan haɗa-haɗar ta riga ta ci rai a garin nan. Deborah Samuel, da aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ranar 12 ga Mayun 2022 kan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, Kirista ce. Usman Buda, mahaucin da aka far wa a mayankar Sakkwato ranar 25 ga Yunin 2023, Musulmi ne. Babu mulhidi cikinsu, babu kuma wanda aka kai gaban alƙali kafin a kashe shi. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan Deborah, ta nemi a hukunta waɗanda suka yi.

Mutumin da ya fito fili a Arewa ya ce shi mulhidi ne, aka kuma san shari'arsa daga farko har ƙarshe, shi ne Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano. A kansa ake ɗora yawancin jita-jitar, don haka a kansa ya fi sauƙi a auna ta.

Batun kuɗi tukuna. Gaskiya ne ƙungiyar Humanists International da ke Birtaniya ta tsaya masa, ta tara kuɗin shari'a, ta kai kukansa duniya. Gaskiya ne kuma ya shugabanci ƙungiyar masu irin ra'ayinsa a Nijeriya. Inda maganar ta karye shi ne a ce kuɗin ne ya fitar da shi daga addini. Tallafin ya zo ne bayan ya shiga uku. An kama shi a Kaduna ranar 28 ga Afrilun 2020, ɗansa na da mako shida a duniya. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta ɗaure shi shekara 24 bayan ya amsa tuhuma 18. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da ɗaurin shekara 5 a Mayun 2024, ya fito a cikin 2024 ɗin bayan ya haura shekara huɗu a tsare. Wane ɗan kasuwa ne zai shiga wannan ciniki da idonsa biyu? Ba na musun za a iya samun mai ƙaryar ridda don neman mafaka a Turai, kamar yadda ake samun mai ƙaryar musulunta don karɓar sadaka a ƙofar masallaci. Amma har yau ban ga wanda ya kawo takarda ko shaida kan wani asusu da ake biyan 'ya'yan Musulmi don su bar salla ba. Kullum “an ce” ne.

Zancen taɓin hankali ma an gwada shi a kan Mubarak. A Yunin 2014, da ya shaida wa iyalansa matsayinsa, sun kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya kwana 18. Ya fito da ra'ayin da ya shiga da shi. A kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya babu wata cuta mai suna rashin imani. Sai dai akwai abin lura a nan, kuma iyaye su ji da kyau. Ciwon damuwa na iya sa mutum ya bar salla kamar yadda yake sa shi barin wanka da abinci da mutane. Akwai kuma ciwon waswasi, wanda ke jefo wa mutum munanan tunani game da Allah ba da sonsa ba, har ya yi ta sake alwala yana kuka. Masu wannan ciwo galibi masu tsananin riƙo da addini ne, kuma su ne likitocin Kware za su iya taimaka wa. A Sahihu Muslim ma an ruwaito sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan irin wannan tunani, ya kwantar musu da hankali, bai kore su ba. Wanda ya zauna ya yi tunani ya yanke cewa bai gamsu ba, lamarinsa daban ne, allura ba ta kai wurin.

“Boko ce” kuwa rabin gaskiya ce. E, wasu na ambaton abin da suka karanta kan asalin halittu da shekarun duniya. Amma Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975 ta daɗe tana yaye likitoci da masana kimiyya, kuma su ne ke cika sahun farko a masallatai da yawa na garin nan. Musun Mahalicci kuma ya girmi zuwan Turawan mulkin mallaka Sakkwato a 1903 da ɗaruruwan shekaru. Suratul Jasiya ta ambaci masu jingina mutuwa ga zamani kawai, daga nan aka samo sunan Dahriyya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa su cikin rukunan masu falsafa a littafinsa Al-Munƙiz, kuma a cikin littafin ya ba da labarin shakkar da ta kama shi shi kansa kusan wata biyu. Abin da ya sauya a zamaninmu wayar hannu ce. Tambayar da a da yaro ke haɗiyewa, yanzu yana rubuta ta da tsakar dare, ya tarar da dubu irinsa, wani ya amsa masa tun kafin malamin unguwa ya san ya yi ta.

To su me suke cewa? Na karanta rubuce-rubucensu, na kuma saurari kaɗan da suka yarda su yi magana, kuma abin da ya fi maimaituwa shi ne wahala. A gabashin jihar nan an ƙona matafiya sama da 20 cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamban 2021. Wata biyu kafin nan an buɗe wuta a kasuwar Goronyo. An yi alƙunutu, an yi saukar Alƙur'ani, an sayar da gona an biya fansa, wani lokacin gawa ma ba a samu ba. Yaron da ya ga haka yakan tambaya: ina Allah yake lokacin? In yana da iko kuma yana da rahama, me ya sa jariri? Tambaya ce tsohuwa, kuma malaman tauhidi sun yi dogon bayani kanta a babin ƙaddara da jarrabawa. Ni amsar ta gamsar da ni. Amma “yi shiru kada ka kafirta” ba ta cikin amsoshin da ke littattafan.

Na biyu shi ne halinmu. Mubarak ya rubuta cewa imaninsa a hankali ya zube, kuma abin da ya sa ya fito fili wani bidiyo ne na 2013, inda samari sa'anninsa masu magana da harshensa suka yanka wata Kirista. Wasu na ambaton ɗan siyasar da ke Umra duk azumi alhali asibitin garinsu ba magani, da mai wa'azin da harshensa ke sauyawa in zaɓe ya matso, da almajiri ɗan shekara shida da ke kwana a rumfar kasuwa. Wasu kuma sun gaji da jin wannan mumbari yana kafirta wancan, sai suka ce in kowa na cewa shi ne a kan daidai, ta yaya za a gane? A hankalce laifin mabiyi ba ya zama hujja kan Mahalicci, kuma haka nake gaya musu. Sai dai zuciya ba koyaushe take bin ƙa'idar mandiƙi ba, kuma abubuwan da suka lissafa ba su suka ƙirƙira ba. Mun san su.

Akwai kuma waɗanda ba abin da ya same su. Sun duba ne kawai ba su gamsu ba. A Amurka, inda ake iya tambayar mutane a fili, binciken cibiyar Pew na 2018 ya nuna kashi 60 cikin 100 na marasa addini sun sa shakkar koyarwar addini cikin manyan dalilansu.

Ana kuma cewa son sharholiya ne. Wani binciken Pew da aka fitar a 2020 ya gano kashi 93 cikin 100 na 'yan Nijeriya na ganin sai da imani da Allah mutum ke zama na kirki, don haka ba mamaki wannan zargi ya fi saurin karɓuwa. Amma mai son giya ko neman mata a garin nan bai taɓa buƙatar ridda ba. Yana yi, ya yi istigfari, Juma'a ta yi ya sa farar riga. Wanda ya ce ya daina imani shi ke rasa gado da mata da abokan ciniki.

Saura wadda ta fi haɗari, wato cewa doka ta ba kowa damar kashe wanda ya yi ridda. Gaskiya ne littattafan fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, irin su Risala da Mukhtasar, sun tanadi kisa ga mai ridda. Amma sun sa a nemi tubansa kwana uku, kuma hukuncin na shugaba ne da alƙali, ba na taron kasuwa ba. A dokar da ke aiki kuwa, sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini ko aƙida, kuma jihohin da suka kafa dokokin laifuka na Shari'a daga shekarar 2000 ba su rubuta ridda cikin jerin laifuffuka ba. Ɓatanci ne ke da hukunci. Shi ya sa Mubarak ya yi shekara shida yana cewa shi mulhidi ne ba a gurfanar da shi ba, sai da ya yi rubuce-rubuce a Facebook da aka ɗauka cin mutuncin addini ne masu iya ta da fitina. Rubutun ya ƙona mini rai kamar yadda ya ƙona wa kowane Musulmi. Duk da haka abu biyu ne daban, kuma mai haɗa su yana ba matasa lasisin da babu littafi ko kotun da ta ba su.

Mu da ke zaune kusa da Hubbaren Shehu ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan. A zamanin Shehu Usmanu an yi wasu ɗalibai da ke tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa su ce kafiri ne, ba a cin yankansa. Shehu ya yi ta rubutu yana rusa wannan ɗabi'a, yana cewa a yi wa mutum hukunci da zahirinsa. Ɗansa Muhammadu Bello ya ce rubuce-rubucen da ya yi kan wannan batu sun haura hamsin.

Bayan kwana uku na sami yaron nan da aka yi hirarsa a majalisa a bakin shagon da yake aiki. Na ce, “Ɗana, me ya raba ka da masallaci?” Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ashe wansa aka sace a hanyar ƙauyensu, aka kai kuɗi sau biyu, ba a sako shi ba. Ya je wurin wani malami da tambayarsa, malamin ya ce ya yi a'uziyya ya tashi. “Kawu,” in ji shi, “ni ban ce babu Allah ba. In na ɗaga hannu ne ba na samun abin faɗa.”