Ma'anar Kalmar Ikkilisiya a Sabon Alkawari

Kalmar nan ikkilisiya ta zauna a bakinmu har waɗansu ɗalibai suna tsammani Hausa ce ta asali. Muna jin ta a wa'azi, muna ganin ta a allunan bakin hanya, tana kuma cikin sunaye kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Amma baƙuwa ce. Daga Helenanci ta zo, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, inda ake ce mata ekklesia. Ta fito fiye da sau 110 a cikinsa.

Tun farko ba kalmar addini ba ce. A birnin Atina, shekara 400 da ɗoriya kafin haihuwar Almasihu, ekklesia ita ce taron 'yan gari, inda ake yanke shawarar yaƙi ko sulhu, ake kuma zaɓen shugabannin mayaƙa. Akwai al'amuran da ba a yanke su sai mutum 6,000 sun hallara. Mata da bayi da baƙi ba su da kujera a wurin.

Wanda yake so ya ga wannan ma'ana da idonsa, sai ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 19. Wani maƙerin azurfa mai suna Dimitiriyas ya ga wa'azin Bulus yana kashe masa kasuwa, gama mutane sun rage sayen siffofin haikalin Artimis. Ya zuga abokan sana'arsa, birnin Afisa ya ruɗe, jama'a suka ɗunguma zuwa babban gidan wasa suka yi wajen sa'a biyu suna ihu. Luka ya ce yawancinsu ba su ma san abin da ya tara su ba. To, wannan taron hargitsi shi Luka ya kira ekklesia a aya 32. Da magatakardan gari ya tashi yana tsawata musu, ya ce a kai maganar gaban taron da doka ta sani, nan ma ekklesia ce. Sau uku kalmar ta fito a wannan labari, kuma ko sau ɗaya ba masu bi ake nufi ba. Shi ya sa a Hausa ba a sa ikkilisiya a nan ba, taro aka sa.

Mukan ji masu wa'azi suna raba kalmar biyu: ek, wato daga ciki, da kaleo, wato kira. Sai su ce ma'anarta waɗanda aka kira su fito daga duniya. Rabon daidai ne, koyarwar ma tana cikin Littafi Mai Tsarki a waɗansu wurare. Amma a ganinmu an ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba. Maƙeran Afisa ba wanda ya kira su daga duniya. Ma'anar kalma tana wurin yadda masu harshen suke mora ta, ba wurin tushenta kaɗai ba.

To, ina masu bi na fari suka same ta? Yahudawan Iskandariya ta Masar sun fara juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin Almasihu. Sau da yawa inda Ibrananci ya ce kahal, taron jama'ar Isra'ila a gaban Allah, sai suka sa ekklesia. Da wannan ma'ana Istifanus ya yi zancen taron da ke jeji tare da Musa (Ayyukan Manzanni 7:38). Da Kirista suka ɗauki sunan, suna cewa ke nan su ne jama'ar da Allah ya tara. Bambancin da taron Atina shi ne, a wannan taro mata da bayi da baƙi duk suna da wuri. A Linjila huɗu kuwa, Matiyu ne kaɗai ya rubuta kalmar, a 16:18 da 18:17.

Abin lura shi ne, babu inda Sabon Alkawari ya kira gini ekklesia. Bulus ya gai da ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Bilkisu da Akila (Romawa 16:5). Gidan na Akila ne, ikkilisiyar kuwa mutanen da ke ciki. Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan sujada da aka tono, a Dura-Yurofos ta ƙasar Suriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. A 303 Sarki Diyokletiyan ya ba da umarni a rushe ɗakunan sujada, aka rushe, masu bi ba su ƙare ba.

An taɓa yin babbar gardama a Ingila a kan wannan. William Tyndale, a fassararsa ta 1526, ya sa kalmar Turanci mai nufin taron jama'a. Manyan addini ba su ji daɗi ba, kuma dokokin da aka ba masu fassarar 1611 sun ce a riƙe tsohuwar kalma, wadda muka ara muke cewa coci. Ita ma daga Helenanci take, daga kalmar da ke nufin abin Ubangiji, kuma a Turanci ta haɗa gini da mutane. Mu Hausa ta ba mu sauƙi, gama muna da majami'a domin ɗakin, ikkilisiya domin jama'a. Sakaci ne kawai ke sa mu cakuɗa su, har ka ji ana cewa rufin ikkilisiya yana yoyo.

Ɗalibanmu na aji shida za su watse, waɗansu su sami kansu a ƙauye ko wurin aiki inda babu majami'a, babu ƙararrawa, babu fasto. Mun sha jin tsofaffin ɗalibai suna cewa sun daina sujada domin babu coci a garin. In akwai ma'aikaciyar jinya da malamin firamare da wani ɗan kasuwa da za su taru ran Lahadi a zaure su karanta Maganar Allah su yi addu'a, sunan da Bulus ya ba mutanen gidan Akila shi zai ba su.