Masai Ujiri: Yaron Zariya da Ya Kai Kofin NBA Kanada

A shekarar 2002, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Orlando Magic da ke Amurka ta ɗauki wani ɗan Najeriya aikin zaƙulo mata 'yan wasa, amma babu albashi. Daga aljihunsa yake biyan kuɗin tafiya, yana bin gasa-gasa yana rubuta rahoto a kan samarin da ba a san su ba. Sunansa Masai Ujiri, shekarunsa 32 a lokacin, bai daɗe da daina buga wasa ba.

An haife shi a garin Bournemouth na Ingila a 1970, yana ɗan shekara biyu iyayensa suka dawo da shi Zariya. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa kuma likita ce 'yar Kenya. Kamar sauran yaran Arewa, tamaula ya fara bugawa. Sai da ya kai shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, ya samu horo a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe a Jami'ar Ahmadu Bello. Gwaninsa a lokacin Hakeem Olajuwon ne, ɗan Legas.

Ya yi karatu ya kuma buga wasa a kwalejin Bismarck ta Amurka, sannan ya shafe kimanin shekara shida yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi a Turai, ciki har da Ingila da Beljiyam. Bai taɓa buga wasa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. Abin da yawon ya bar masa shi ne sanin mutane da kaifin ido, ya kalli yaro ɗanye ya hango abin da zai zama.

Idon nan ne ya zame masa jari. Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi a 2003, ya zarce Toronto Raptors ta Kanada, ya dawo Denver a 2010 a matsayin janar manaja. Da tauraron ƙungiyar, Carmelo Anthony, ya nace sai ya tafi, Ujiri bai yi gaggawa ba. Ya ja ciniki har sai da New York Knicks ta ba da tarin 'yan wasa a 2011. Denver ta ci wasa 57 a kakar da ta ƙare a 2013, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekarar.

A Toronto, inda ya koma a 2013, aka ga ƙarfin halinsa. A zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA na 2016, ya zaɓi Pascal Siakam na Kamaru a lamba ta 27, bayan ƙungiyoyi da dama sun wuce shi. A 2018 ya sallami koci Dwane Casey duk da ya ci wasa 59 a kakar, ya kuma miƙa DeMar DeRozan, ɗan lelen magoya baya, ga San Antonio, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda rauni ya sa wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Magoya baya da yawa suka yi masa ca.

Ranar 13 ga Yuni, 2019, Raptors ta doke Golden State Warriors ta ɗauki kofin NBA, karon farko da ya fita daga Amurka. Wata ɗaya bai cika ba Leonard ya tattara ya nufi Los Angeles Clippers. Ujiri ya ci gaba da jan ragamar ƙungiyar har Yunin 2025.

Duk wannan bai sa ya juya wa gida baya ba. Tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ta fara da sansanin horar da matasa a Najeriya kafin ta bazu zuwa wasu ƙasashen nahiyar. A 2021 ta ƙaddamar da shirin gina filayen ƙwallon kwando 100 a Afirka, an kuma riga an buɗe da dama a Najeriya da Kenya da wasu ƙasashen. A Yulin 2025 aka buɗe cibiyarsa ta wasanni da otal a Kigali, babban birnin Ruwanda, wadda ya raɗa wa suna Zaria Court.