Karatun Yaro Daga Gida Yake Farawa

Yaro yakan shiga firamare yana da shekara 6. Amma tun kafin nan yake koyon magana da saurare da sunayen abubuwa. Waɗannan su ne tushen karatu. A gida yake samun su, wurin uwa da uba da kaka da yayye.

Yaron da ake yawan hira da shi yana tara kalmomi. In ya ga kalma a takarda, ya riga ya san ma'anarta, sai karatun ya zo masa da sauƙi. Shi ya sa tatsuniya da kacici-kacici suke da amfani. In an gama tatsuniya, sai a ce yaro ya maimaita ta da bakinsa.

Koyon rubutu ba sai da kuɗi ba. Tsinke da ƙasa sun isa, ko gawayi da allo. A fara da wasula 5: a, e, i, o, u. Sai a haɗa su da baƙi: ba, be, bi, bo, bu. Daga nan yaro zai iya rubuta "baba", sannan sunansa. A nuna masa ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, domin "kafa" daban, "ƙafa" daban. A kuma tuna masa rubutun boko daga hagu yake tashi, na allo kuwa daga dama.

Abin karantawa yana ko'ina. Akwai rubutu a buhun taki, da katin asibiti, da kwalin ashana. Uba ya nuna harafi, yaro ya faɗi sunansa. Minti 15 kowace rana sun fi awa 2 sau ɗaya a mako.

Uwar da ba ta yi karatu ba ita ma tana da aiki. Ta ce a nuna mata littafi, ta saurari abin da aka koya, ta yaba. Duka da tsawa suna sa yaro ya tsani karatu. In yaro yana kusanto takarda da idonsa, ko ba ya jin kira sosai, a kai shi asibiti.

Dokar da aka kafa a 2004 ta ba kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9 kyauta, kuma dole, mace da namiji. To, kada talla ko aikin gona su cinye lokacin makaranta. Iyaye su riƙa leƙa malami suna tambayar yadda yaro yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.